Kwana Biyar na Hamsatu

Idrisa bai taɓa manta ranar ba. Duk ashirin ga wata, in ya rufe shagon ɗinkinsa a kasuwar Wadata, sai ya biya farmasi ya sayo wa matarsa Hamsatu ƙwayar ciwon mara. Da hannunsa yake ɓallo biyu, ya miƙa mata ruwa, ya tsaya har ta haɗiye. Matan unguwarsu Banifandu da shi suke yi wa mazansu gori.

Shekara goma sha ɗaya da aure, ko ɓari Hamsatu ba ta taɓa yi ba. Uwar Idrisa ta gaji da habaici, ta fito fili ta ce ya sallame ta.

"Inna, muddin tana ganin wata ban fid da rai ba," in ji shi. "Ranar da ya ɗauke, zan bi maganarki."

Hamsatu tana madafa, ta ji komai. Shi a ganinsa kare ta ya yi.

Kwana biyar na al'ada, duk wata, a kwance take yin su, riƙe da ciki. Ba ta shimfiɗa darduma a tsakar gida, amma da an kira salla sai ta shige ɗaki da buta ta sa sakata, wai hayaniya ke damunta. Ƙunshin audugar mata yana nan kan kabad, ledarsa har ta koɗe.

Mai farmasi ya gargaɗi Idrisa cewa ƙwayar tana cin ciki, kada a sha ba abinci. To, mai ciwon mara ai ba ta iya ci, don haka Hamsatu ba ta ci. Ƙwannafi ya fara, zafi ya biyo kamar an zuba mata barkono. Ta ci gaba da haɗiyar ƙwayar, tana ce masa an gode. Wata Talata ta yi aman jini a bakin famfo.

A asibiti likitar ta ce gyambon ciki ne, kuma ƙwayar ce ta jawo shi. Ta rubuta magani, Idrisa ya fita da gudu ya sayo, hankalinsa a tashe.

"Madam, ƙwayar nan ta isa haka," in ji likitar. "Mu nemo tushen ciwon. Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?"

Hamsatu ta kalli ƙofa, ta saurara har takunsa ya yi nisa.

"Ki rufa mini asiri, don Allah. Azumin nan da ke zuwa, shekara uku ke nan da ɗaukewarta."