Ludayi Mai Hula

Ya yanke ƙasan bidiyon inda mai shi ya sa sunansa, ya manna tambarin shafinsa a tsakiya, ya rubuta a sama: "Sabon aikinmu, da hannunmu." Kafin shayinsa ya huce ya gama.

Almakashi ake ce masa, kuma bai ƙi sunan ba. Shafinsa na barkwanci ya fi na kowa mabiya, amma ko labari ɗaya bai taɓa ƙirƙira ba. Wani ya yi noma, shi ya zo da buhu. In mai abu ya yi magana sai ya ce, "Kai da za ka yi godiya? Talla na yi maka kyauta."

Mutum ɗaya ne ya taɓa tsaya masa, wani mai gyaran agogo da ke ba da labaran ban dariya a kan teburinsa, ɗaure da ƙaton agogon da ba ya tafiya. Ya ce ko sisi ba ya so, sunansa kawai a mayar masa. Almakashi ya riga shi kai ƙara, ya ce mai agogon ne ke kwafarsa, ya sa mabiyansa suka yi masa ca har aka rufe wa bawan Allah shafi. Ba a daɗe ba aka ce hawan jini ya tafi da shi. Almakashi ya ce Allah ya jiƙan rai, ya ci gaba da danna waya.

Yanzu abu biyu ya sa a gaba, kuma duk a hannu ɗaya suke: Auta da yake nema, da ubanta mai kamfanin katifa, wanda tallarsa ce ke ciyar da shafin.

Kullum da yamma yana falon gidan. Sabuwar mai aikinsu, wata doguwa da ba ta rabuwa da riga mai dogon hannu, ita ke kawo masa ruwa. Auta ta ce ranar da aka ɗauke ta sai da aka ja kamar cinikin shanu, matar ta ce ita kicin da falo kawai, ba ta wanki. Shi dai bai taɓa kallon fuskarta ba. "Iya, ruwan nan ba sanyi," shi ne gaisuwarsu.

A falon ne ran nan tsaka ta faɗo daga labule. Mai katifa, da tumbinsa da jar hularsa, ya haye kujera yana ihun a kawo tsintsiya. Da ya fita Auta ta yi dariya har da hawaye, ta raɗa wa Almakashi: "Ai ba ka ga komai ba. Baba a tabarma yake kwana, katifarsa ciwon baya take sa shi. Amana ce fa." Mai aikin na gefe tana kwashe kofuna.

Cikin kwanakin nan wani ɗan shafi ya ɓullo, mabiyansa ba su cika ɗaki ba. Ba fuska, sai ludayi da cokula a kan tire suna faɗa cikin wata 'yar siririyar murya da aka sauya da waya. Almakashi ya yanka ya ɗora. Mutane suka haukace. Ya sake ɗauka, ya kuma. Mai shafin bai ce uffan ba.

"Wannan ɗan halak ne," in ji Almakashi. "Ya san girma."

Sai ga wani bidiyon mai tsawo a ɗan shafin. Ya kalli farkonsa, ludayi na neman takalminsa, ya ƙyalƙyale, ya yanke, ya manna, ya ɗora, ya tafi aski.

Aska na kansa wayar ta fara rawa a aljihu. Da ya buɗe sai ya ga abin da bai tsaya ya gani ba. An sa wa ludayin jar hula. Ya haye kofi yana ihun tsintsiya. Daga ƙarshe ya shimfiɗa tabarma kusa da soso, yana cewa, "Katifata ta masu saye ce, ni ina son bayana."

A ƙasan bidiyon mutane sun riga sun kama sunan mai katifa. Wasu na tambayar inda ake mayar da katifa.

Da rabin aski ya isa gidan. Auta na tsaye, idonta ya yi ja. Mai katifa ba hula.

"Baba, wallahi ba ni na yi ba."

"An rubuta 'da hannunmu'. Hannun wa?"

"Ɗaukowa na yi. Duk na shafin ɗaukowa nake yi. Bari ka ga na asalin."

Ya danna, ya sake dannawa. Ɗan shafin babu shi, kamar ba a taɓa yinsa ba. A duniya kaf ludayi mai hula wuri ɗaya yake, da tambarin Almakashi a ƙirjinsa.

"To zaɓi ɗaya," in ji mai katifa. "Ko ɓarawo ne kai, ko maci amana. Duk wanda ka ɗauka, ba 'yata, ba tallata. Iya, raka shi."

Ta raka shi har bakin ƙofa, ba ta sauri. Ya fita yana haɗa hanya, ya juyo ko Auta za ta leƙo. Mai aikin ta naɗe hannun riga don ta ja sakata, sai ga ƙaton agogon maza a wuyan hannunta, tsaye cik, ba ya tafiya.

"Mai agogon nan sunansa kawai ya roƙa," ta ce. "Ni matarsa ba na roƙo. Kai da za ka yi godiya? Talla na yi maka kyauta."