Ɗakin da Halliru Ya Gina wa Inna

Baƙi sun cika sabon ɗakin, kowa ya shigo sai ya ɗaga kai ya dubi silin. Abin da Halliru ke mafarki ke nan tun ranar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannunsa: ɗakin bulo da kwano ga mahaifiyarsa Inna Hansai, irinsa na farko a layinsu a Sabon Garin Wudil.

Tun ranar awo Maikano magini ya so a ja ginin baya da taku uku. "Malam, nan rariya take. Duk ruwan gidan nan ta nan yake fita."

Inna ma ta ce, "Ubanka ko turmi bai taɓa ajiyewa a wurin nan ba."

"Inna, siminti ne fa, ba ƙasa ba. Ruwa ba ya cin sa."

Gaskiyarsa kuwa. Ruwan da aka tafka ranar Laraba bayan azahar ko tsaga ginin bai yi ba. Sai dai ya rasa hanya, ya koma ya kwanta a gindin tsohon ɗakin ƙasa har bangon ya rufta. Inna na ciki a kishingiɗe. Sabon ɗakin yana kulle, makullin na aljihun Halliru a ofis, don ya ce kada kowa ya taka sai abokan aikinsa na Kano sun zo sun gani.

Yau ga su sun zo. Shugabansa, Malam Wali, ya shafa addu'a ya ce, "Allah Ya jiƙan Inna." Sannan ya rage murya.

"Wane magini ne ya yi maka?"