Aljihu a Cikin Alkyabba

Ina 'yar shekara tara aka kawo wa Baba wani aiki a shagonsa na ɗinki da ke unguwar Abbasiya. Masu shirya fim ne suke son fararen alkyabbu masu jan gicciye a ƙirji, irin na mayaƙan Turai da suka zo yaƙin Ƙudus a zamanin da.

Ranar da nake tunawa, bayan la'asar ne, shagon yana ta warin sabon yadi da man keke. Ina zaune kan tarin alkyabbun, sai na ji hannuna ya faɗa wani ɗan aljihu ta ciki, daidai bayan gicciyen.

Na ce, "Baba, ai mai fim ɗin ya ce kada a sa aljihu."

Ya ce haka ne. Waɗancan mayaƙan sun yi rantsuwa ba za su mallaki komai ba, ko rigar jikinsu ta ƙungiya ce. In aka gane, za a dawo masa da aikin gaba ɗaya.

"To me ya sa ka yi?"

Bai daina taka keken ba. "Masu sawar 'yan unguwar Ashir ne, irin su Ammu Usman mai gadi. Za su yini a rana ana kashe su a fim ɗin. Ina kike so ya ajiye carbinsa?"

Ba a gane ba. Baba ya rasu tuntuni. Har yau in aka sa fim ɗin, ba na kallon jarumin. Ƙirjin gawawwakin nake dubawa.