Alamar Tambaya Huɗu

Saura mutum biyu layin duba aikin jarrabawa ya zo kan Wofa Boadu, wato Kawu Boadu, amma gumi ya riga ya jiƙa masa bayan riga sharkaf, ga fanka biyu kuwa suna ta juyawa a ɗakin kwamfuta.

Shekararsa hamsin da bakwai. Ashirin da shida daga ciki ya yi su ne yana gyaran injinan awo a wata masana'antar sabulu a Kumasi. Sai sababbin masu kamfani suka ce duk makanikin da bai kawo takardar shaidar iya ba inji umarni da yarensa ba kafin Kirsimeti, ya ajiye musu makullai. Abin da ya kawo shi ajin Asabar ke nan, yana raɓewa a layin baya cikin samari da 'yan mata, kullum kai a sunkuye.

Aikin jarrabawar a baki ba wuya. Za a ba na'ura lamba da sifiri da ɗaya, yadda take ganewa, kai kuma ka rubuta mata umarni layi-layi a yaren asambili: ta raba da goma sha shida, ta ajiye ragowa, ta sake rabawa har lambar ta ƙare, sannan ta fito da amsa a ƙirgen sha shida, wanda bayan tara sai A, sai B, har F. Mako uku Wofa Boadu yana fama. Yau na'ura ta ƙame, gobe amsa ta fito a juye. Mutumin da zai ji ƙarar inji daga bakin ƙofa ya faɗa maka notin da ya kwance, wai shi ne rabawa ta gagara!

Tambaya kuwa, ya rantse ba zai yi ba. Duk ɗakin babu wanda ya kai shi sanin halin Madam Pokuaa, malamar ajin, amma ya tsaya gabanta ya ce bai gane ba? Kunya ba za ta bar shi ba. Sai ya je ya yi abin da ya fi haka muni. Ranar Alhamis ya tono tsohon littafin wata ɗaliba a cikin wani kwali a gidansa, ya tarar da aikin a rubuce tsaf, ya kwafe shi harafi da harafi. Ya gwada da misalin da ke cikin littafin, 1234 ta fito daidai. Ranar nan matarsa ta ajiye masa fufu da miyar gyaɗa, ko loma uku bai yi ba. Dokar makarantar kowa ya haddace ta: wanda aka kama da kwafe, a soke sunansa, ba takarda, ba dawowa.

"Mista Boadu," in ji Madam da ta iso teburinsa, idonta na kan allon na'ura. Tun da aka fara ajin haka take yi, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba.

Ta sunkuya ta danna ɗaya sau goma sha shida. Duk wanda ya taɓa zama a ajin ya san amsar F huɗu ce. Allon ya ɗan yi jim, sai ga alamar tambaya guda huɗu reras.

"Wofa, na'urar ma tambayarka take yi!" in ji wani mai gyaran waya daga layin gaba. Aji ya ɓarke da dariya. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige yana godiya.

"Ba a ƙara bakwai ba," in ji Madam. "Ragowar da ta wuce tara sai an ƙara mata bakwai kafin ta zama harafi. Buɗe mini aikin."

Ya buɗe. A yaren asambili mai rubutu ne ke raɗa wa wurin da umarni zai koma suna, yawanci harafi ɗaya ko biyu, ya wuce. A aikin Wofa Boadu wurin rabawa sunansa KELEWELE, wurin fitar da amsa WAAKYE. Ya ga sunayen abincin tun ranar Alhamis, amma ya ji tsoron taɓa ko ɗigo kada abin ya rushe masa.

Madam ta daɗe tana kallon allon, har dariyar ta mutu da kanta. Sannan ta ce kowa ya fita ya jira a baranda.

Da ɗakin ya zama daga ita sai shi, ta ɗora yatsa a kan layin da ke share wurin ragowa kafin a sake rabawa.

"Wannan me yake yi?"

Ya dubi layin, ya dubi takalmansa. Ya tuna makullan da ke aljihunsa, ya tuna Kirsimeti saura mako biyar. Ƙarya ta zo masa har baki, ta kasa fita.

"Ban sani ba, Madam."

Ta jawo kujera ta zauna. Ta zaro takardar rahoton kwafe daga jakarta, ta rubuta cikakken sunansa da ranar haihuwarsa, ko rajista ba ta buɗe ba. Da ta zo wurin sa hannu biron ya tsaya. Ta goge ido da bayan hannu, sannan ta sa hannun.

"Da ka juya shafi, gyaran na nan da jan biro," ta ce a hankali. "Wancan gwajin farko ne."

Bai ɗago ba. Ta turo takardar tsakiyar tebur, sannan, karo na farko cikin wata uku, ta dube shi ido cikin ido.

"Littafina ka kwafa, Baba, kai da ka zane ni ina aji huɗu don na leƙa takardar wata. Yanzu faɗa mini, ni zan kai wannan ofis, ko kai za ka kai?"