Keke Ɗaya, Tafiya Ɗaya

Merle Fortuin ta tura hancin motarta har sai da ya kusa taɓa bangon shagon kekuna, sannan ta kashe inji. Ƙaramar mota ce ja, irin ta malaman makaranta masu ritaya, kuma mako biyar ke nan rabon da ta fito da ita daga gareji.

Bukatarta ɗaya ce. Akwai keke a barandarta da take so ta kai hanyar Wellington kafin safiyar Lahadi, ga shi yau Asabar. Ta kwantar da kujerun baya, ta cire tayar gaba, ta yi duk dabarar da ta sani, keken ya ƙi shiga.

Mai shagon, Sedick Jappie, tsoho ne da ƙafafunsa suka fi fuskarsa ƙuruciya. Shekara talatin yana sayar wa mutanen garin Paarl kekuna, kuma bai taɓa barin mai saye ya tafi da abu ba tare da wa'azi ba.

"Ƙarfen ɗaukar keke a mota iri uku ne, Anti," ya ce. "Akwai na ƙugiyar baya, amma wannan 'yar kwalbar taki ba ta da ƙugiya. Akwai na saman mota, shi ya fi. Bari in zagaya in auna rufin."

"A'a, Boeta," ta ce, yadda ake kiran babban yaya a nan. "Na baya nake so."

Ya ɗauko mai madauri shida, wanda ake ratayawa a murfin but. Ya gargaɗe ta cewa yana kankare fenti, yana rufe lambar mota, in aka ci karo da ɗan sanda mai jin yunwa sai an sha magana. Ta ce ba komai. Ya ce ta ɗauki mai cin keke biyu saboda maigida, ta ce keke ɗaya ne, tafiya ɗaya ce. Ta tambaye shi kuma ko yana da sarƙa mai kauri da kwado wanda ruwan sama ba ya ci.

A lokacin ne ya lura da hannunta. Farin fenti ya maƙale a gefen farcenta har zuwa wuyan hannu.

Kowa a yankin nan ya san farin keke. Duk inda mota ta take mai keke, sai a shafe wani tsohon keke da fari tun daga sirdi har taya, a ɗaure shi a wurin da sarƙa. Direbobi su wuce su ga abin da suka iya, in suna da idon gani.

"Na Luvuyo ne?" ya tambaya a hankali.

Ta gyaɗa kai.

Luvuyo makanikensa ne, ɗan shekara ashirin da uku daga unguwar Mbekweni. Ran wata Lahadi da sassafe, rana na dukan idon masu tuƙi, ya riga 'yan ƙungiyarsu ta masu tuƙa keke fita don ya sayo musu fanken koesister masu zafi kafin su ƙare. A cikin kwalbati suka tsince shi. Wanda ya buge shi bai tsaya ba. 'Yan sanda sun bi shagunan masu gyaran jikin mota sun bar saƙo, daga nan suka koma barcinsu.

Abin da ya fi ci wa Sedick rai shi ne 'yan ƙungiyar. Mutum arba'in, kowa da keken da ya fi gidan uwar Luvuyo tsada, sun yi taro uku kan farin keke, har yau ana gardamar wa zai sayo fenti.

"Sai ga ki, baƙuwa, kin yi ke kaɗai," ya ce. "Kin koyar da shi ne a makaranta?"

"Sau ɗaya na taɓa ganinsa."

"Haka yake. Sau ɗaya ya isa mutum ya riƙe shi a rai." Ya share hanci da bayan hannu. "Kekensa ma ni na fesa masa fenti, kore shar kamar ɗanyen lemo. Na ce masa, kai, da wannan launi ko makaho ya gan ka. Ashe ƙarya na yi masa."

Merle ta kalli ƙasa. Ta buɗe jaka, ya ture hannunta, ya rantse ko rand ɗaya ba zai karɓa ba. Ya ce ta rubuta sunanta a takardar garanti, ta ce ba sai ta rubuta ba. Wannan ma ya burge shi, don shi a ganinsa alherin da babu suna a kai ya fi lada.

Ya durƙusa a bayan motar ya ɗaura ƙarfen da kansa, ya ja kowane madauri har ya yi ƙara. Ya koya mata ta cusa tsumma inda keke zai gogi mota. Ya ce gobe zai kawo mahaifiyar Luvuyo wurin, ta ga cewa har yanzu da sauran mutane a duniya.

"Kada ka wahalar da ita," ta ce. "Ka koma ciki, Boeta, na gode. Zan fita da kaina."

"Da wannan ƙarfe a bayanki? Ba kya ganin komai, Anti. Tsaya in nuna miki hanya."

Ta ce a'a sau biyu. Ya riga ya matsa gefen bango ta hagu, yana kaɗa mata hannu. Ba ta da wata hanyar fita sai baya, don haka ta sa giya, motar ta soma janyewa daga jikin bango kaɗan-kaɗan.

Hannun Sedick ya tsaya cak a sama. Fitilar gaba ta hagu a fashe take, ƙarfen gefenta ya lotsa, kuma a cikin lotsawar, inda soson waya ya cinye jan fenti amma ya kasa kaiwa ƙasa, ga koren da shi da kansa ya fesa.