Murya Gaba, Baki Baya

Tasi'u ya sake jan layin sautin baya kaɗan, ya danna, ya zuba wa kwamfutar ido. Jiya-i-yau. Muryar mahaifinsa ta riga ta kai ƙarshen aya, bakinsa kuwa yana can tsakiya yana laluben hanya.

Ya yi tsaki, ya tuna yana azumi, ya yi istigfari. Tun hantsi abu ɗaya yake yi a ɗan shagonsa na gyaran waya da ke bakin tashar Minjibir, ga zafin kwano, ga injin niƙan maƙwabcinsa da bai san gajiya ba.

Mahaifinsa, Alaramma Dabo, shi ne mai jan baƙi a tafsirin Malam Muhammadu Sani tun Tasi'u bai san kansa ba. Shi ke karanto aya, Malam ya fassara. Bana wata tashar talabijin a birni ta gayyace su tana ɗaukar tafsirin, abin da bai taɓa samun ɗan ƙauyensu ba. Ƙauyen kuwa babu wuta, balle akwatin kallo. Sai Tasi'u ya jona dikoda da kwamfuta ya naɗi shirin, ya kuma bi majalisa-majalisa yana shela da bakinsa cewa yau bayan asham zai haska shi da majigi a bangon makaranta. Har ƙauyukan kusa labari ya kai.

Da ya gaya wa mahaifin nasa, cewa kawai ya yi, "Da ka bar shi, Tasi'u." Kawaici irin na manya, in ji Tasi'u a ransa. Tsohon da tun bara ya bar wa na'ibinsa limanci saboda ciwon gwiwa, ai ya kamata gari ya ga har yanzu da sauransa. Muryar ma kaɗai ta isa shaida: garau, numfashi dogo, tsufa bai taɓa ta ba.

To ga abin da ya samu. Ya san yaran garinsu sarai. In suka ga bakin Alaramma yana motsi bayan murya ta wuce, kamar akuya tana tuƙa, dariyar ba za ta tsaya a bakin makaranta ba, har gona za ta bi tsohon. Kuma shi, ɗansa, shi ne zai kai shi.

Ya canza wayar da ke haɗa na'urorin. Ya sauke wata manhajar, ta cinye masa data ba ta tsinana komai ba. Ya jira maimaicin shirin ya sake naɗa, bayan ya rufe duk abin da zai yi wa kwamfutar nauyi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, in Malam na fassara, baki da murya daidai suke, har gyaran muryarsa. Da ya ja sautin don ya daidaita Baba, sai Malam ya koma yana magana baki rufe. Ya yanka shirin gunduwa-gunduwa, ya ware na Baba shi kaɗai. Farkon aya ya zauna, ƙarshenta ya zame.

Ana haka Baffa Sabo ya leƙo, ƙanin Alaramma, wanda ke goya yayan nasa a babur zuwa tashar talabijin ɗin.

"Har yanzu kana kan abin nan?"

"Wallahi Baffa na rasa gane kansa. Ko dai 'yan tashar ne ba su iya aiki ba, ko kwamfutar nan ce ta gaji da duniya."

Baffa bai ko kalli hoton ba. "Ka sa musu muryar a lasifika mana, ka bar hoton. Karatu ai kunne ke ji."

"Haba Baffa, wa bai san muryar Baba ba? Fuskar suke son gani."

"To, Allah ya taimaka," in ji Baffa, ya juya kamar wanda ake jira a waje.

Ran Tasi'u ya ƙara ɓaci. Kowa sai ya ce a bari, ba mai cewa ga yadda za a yi.

Da aka kira la'asar mai injin niƙa ya kashe injinsa, shagon ya yi tsit a karon farko. Tasi'u ya ce bari ya gwada dabara ta ƙarshe kafin ya tashi alwala. Zai nemi wani ɗan ƙara a cikin karatun Baba, ko tari ko motsin takarda, ya ɗaure shi da inda ya faru a hoto. Ya cusa iyafis a kunne, ya ƙure ƙara.

Bai ji tari ba. Zakara ya ji. Sannan can ƙasa-ƙasa, a bayan karatun, lugude a turmi.

Ya yamutsa fuska. Turmi a ɗakin ɗaukar shiri? Ya mayar baya ya sake saurara. Lugude ya tsaya, wata mace ta ɗaga murya daga nesa.

"Tasi'u! Sauko daga katangar nan kafin ka karye!"

Ya tsayar da sautin. Muryar Innarsa ce, wadda aka binne tun yana firamare.

Sai a lokacin ya kalli fuskar mahaifinsa da kyau, idanu a lumshe, kai a karkace, kunne a miƙe. Kwamfuta ba ta da laifi: tsohon kaset aka kunna a tashar, Alaramma Dabo kuwa, da haddarsa ta fara zubewa, sauraron kansa na shekarun baya yake yi yana bi kalma-kalma.