Mai Guga da Rumbun Ɗaukar Hoto

To, tunda ka nace sai mun tsaya ka ɗauki hoto a bakin gadar nan, bari in ba ka misali kafin ka danna. An yi wani mai wanki da guga a Abuja, mutumin wani ƙauye ne can gaba da Haɗeja. Kwana shida na mako hayaƙin gawayi ke cin idonsa. Ranar Lahadi kuwa sai ya zaɓi shaddar da ta fi sheƙi cikin kayan mutane ya zura, wai ai guga ba ta tabbata ta kwanta sai an gwada ta a jiki. Daga nan sai farautar wurin hoto. Ya san benen gilashin da rana ke duka bayan la'asar, har fatar mutum ta yi kamar an shafe ta da man shanu. Ya san gadar saman da in ka tsaya ta kusurwar hagu, bolar da ke ƙasa ba ta fitowa. Ya san otal ɗin da maigadinsa ke tafiya salla ƙarfe huɗu, a samu a dafa motar wani, a yi murmushin mai mukulli a aljihu. An ce har masu hoton biki sukan bi sawunsa a ɓoye. Duk wanda ya ɗauka sai ya ɗora a shafinsa, ya kuma tura wa ƙanwarsa ta nuna wa Inna, mahaifiyarsu, don ita yake duk wannan wahala. Ƙauye ya ɗauka cewa ɗan Inna ya zama babban mutum. Nan fa ya ɗaure ƙafarsa da kansa: wanda aka gani yana dafa irin waccan mota, da wane ido zai diro daga bayan a-kori-kura da leda ɗaya a hannu? Wannan sallar ya ce sai ta gaba, ta gaba ya ce sai an yi girbi. Shekara shida.

Wata Lahadi ya ji labarin wani sabon lambun shaƙatawa da aka tsara kamar ƙauye, da manyan gari ke yi wa layi saboda hoto. Ya sa shaddar wani Alhaji ya je. Yana shiga sai ga bukka, ga tulu, ga turmi, wata baiwar Allah mai baƙin gilashi ta rungumi taɓarya kamar za ta yi mata rarrashi. Can gefe kuma ga rumbu da sabuwar jinka. Ƙamshin ciyawar nan ya bugi hancinsa, sai ya nemi murmushin mai mukulli ya rasa inda ya ajiye shi. Hoton ya fito da shi zuru, kamar mai jiran mota a tasha, haka ya tura. Kafin magariba sai ga saƙon murya, karo na farko da Inna ta tanka a kan hoto. Ta ce an faɗa mata yana tsaye gaban rumbu, ta tambaya a kan me rumbun ke zaune, aka ce mata a ƙasa daɓas. "Ka gaya wa mai shi ya ɗora shi kan duwatsu, in ba haka ba danshi da gara su cinye hatsin. In ka gama da rumbun mutane, ka tuna babanka ma ya bar ɗaya." Ya saurara sau uku, bai lura da cewa faɗa mata aka yi ba.

Ya mayar wa kowa kayansa, ya hau mota da rigarsa ta kansa. A hanya har ya tsara hoton da zai ɗauka: shi da Inna, rumbu a baya, tsamiyar ƙofar gida ta yi musu inuwa. Ya tarar an sare tsamiyar an yi gawayi. Rumbun kuwa duwatsunsa ne kawai suka rage, kaji na hutawa a tsakaninsu. Maƙwabta suka yi masa sannu da zuwa irin ta baƙo, suna leƙen bayansa ko motar na tafe. Inna tana zaune bakin ɗaki. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, ta hana a gaya masa, wai kada a ɗaga hankalin babban mutum. Ta shafa fuskarsa, ta sauko kan tafin hannunsa, ta ji ya yi kanta, ga tabon dutsen guga. Ta daɗe riƙe da hannun, sannan ta ce, "Ashe har yanzu ɗana ne."

Ya ciro waya, ya juya gabas, ya juya yamma, mutumin da ya san kowace kusurwa ta Abuja ya rasa inda zai tsaya a gidan ubansa. Ya mayar da ita aljihu, ya tambaya ina ake ɗibar laka yanzu.

Danna hotonka mu tafi. Amma Hausawa sun riga ka ɗauka: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.